WAƘAR "WARR": WA YA BUƊE MATA ƘOFA?

 

Ya 'yan uwa Musulmi, tun da waƙar nan "Warr" ta Ado Gwanja ta fito a shekarar 2022 muke jin mutane suna tsine wa mawaƙin a majalisu, alhali ita ce ke tashi daga wayoyin 'ya'yansu. Wannan munafunci shi muke son mu yi magana a kai.

Da farko ya kamata a san asalin wannan sana'a. A 1971 wani mawaƙin Ingila, Marc Bolan na ƙungiyar T. Rex, ya fito a talabijin ɗin BBC da ƙyalƙyali a ƙasan idanunsa kamar amarya, yana rera "Hot Love". Waƙar ta yi makonni 6 tana kan gaba a kasuwar faifai. A 1972 David Bowie ya biyo shi da "Starman", gashi rinanne, hannu a wuyan makaɗinsa. Dattawa suka yi ta Allah wadai, matasa suka yi ta sayen faifai. 'Yan kasuwa kuwa suka gane darasi guda: fushin dattijo talla ne da ba a biya.

To, wannan darasi shi aka karanto mana. Mawaƙin da ya yi suna da fitowa a matsayin ɗan daudu a finafinan Kano, wanda masoyansa ke kira Limamin Mata (subhanallahi, dubi inda aka kai kalmar limanci!), ya saki waƙar habaici, 'yan mata suka ɗauke ta zuwa TikTok suna rawa. A shekarar ce wasu lauyoyi suka kai ƙararsa tare da wasu 'yan TikTok gaban kotun shari'ar Musulunci ta Bichi. Mun yaba niyyarsu. Amma wanda bai taɓa jin waƙar ba, labarin ƙarar ne ya sa ya nemo ta.

Hukuncin namiji mai kamanta kansa da mata, ko da wasa, ba ɓoyayye ba ne: hadisin Ibn Abbas na cikin Bukhari ya tabbatar da tsinuwa a kansa. Ba mu da jayayya da kowa a nan. Jayayyarmu da wanda ya biya kuɗin ce. Mawaƙin bai zo Gwaram ya kunna wa kowa waƙa dole ba. Wa ya ɗauko mai kiɗan DJ ranar kamu? Wa ya zuba wa janareta mai har tsakar dare? Wa ya ba yaron da ke tura waƙoƙi a kasuwar Sara kuɗi ya cika wa 'yarsa waya? Uban amarya ne, wanda da asuba yake sahun farko, kuma in aka yi masa magana sai ya ce harkar mata ce, shi ba ruwansa.

Saboda haka muna kira ga limamanmu na Gwaram, Basirka, Fagam da Birnin Kudu, kafin a ɗaura aure a tambayi waliyyan ɓangarorin biyu, a gaban shaidu, irin shagalin da suka shirya yi a gida bayan an watse.