A Buɗe Mana Ƙaramar Ƙofar Sama

Jama'a, in aka ce wane yana da dawaki goma na wasan folo, ba mai ɗaga kai ya dube shi. Tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko muka saba da wannan wasa, har yau kuwa ana yinsa a Katsina da Kano da Kaduna da nan Abuja. Amma ka ce wane yana koyon tuƙin ɗan ƙaramin jirgin sama ran Asabar don nishaɗi kawai, sai ka ji an ce, "Wannan ko dai kuɗi sun yi masa yawa, ko kuwa ya gaji da duniya." Ni ban yarda da wannan magana ba. A ganina ya kamata a keɓe wa irin wannan koyo fili a ƙasar Abuja, bisa doka da tsari.

Bari in fara bayyana irin jirgin da na ke nufi, kada wani ya zaci irin manyan nan ne masu kai alhazai Jidda. Sunansa da Turanci ma'anarsa marar nauyi ƙwarai, ni kuwa na kan ce da shi babur ɗin sama. Da sandunan alminiyam a ke haɗa ƙashinsa, a lulluɓe fukafukan da wani yadi mai ƙarfi, a ɗaura masa ɗan inji da farfela, sai kujera ɗaya ko biyu. A Amurka an yi masa doka tun 1982. Dokar ta ce mai kujera ɗaya kada nauyinsa ya kai kilo 115, watau buhun shinkafa biyu da 'yan kai, kada ya ɗauki mai fiye da lita 19, kada gudunsa ya wuce kamar kilomita 100 a awa. Wanda jirginsa ya cika waɗannan sharuɗɗa ba a tambayarsa lasin. Ingila da Faransa ba su yarda da haka ba, can sai mutum ya koya wurin malami, ya ci jarrabawa, sa'an nan a ba shi takarda. Da yawa cikin waɗannan jirage injin Rotax na ƙasar Ostiriya a ke sa musu, wanda ke shan man fetur irin na mota. Wannan ba ƙaramin abu ba ne gare mu, gama man nan na musamman da ƙananan jiragen koyo na da ke sha yana da tsada da wuyar samu a Nijeriya. Shi ya sa ma makarantar Zariya ta koma sayen jiragen Diamond masu shan man manyan jirage.

Tun 1925 jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano. A 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jirgin sama a Zariya, ta kuwa yi aiki abin yabo. Can Kyaftin Chinyere Kalu ta koyi tuƙi, ita ce mace ta fari a ƙasar nan da ta zama matuƙiyar jirgin haya, daga baya ma ta shugabanci makarantar. Akwai wata kuma a Ilori. To, amma waɗannan makarantu na masu neman sana'a ne. Kuɗinsu miliyoyin Naira ne, sai ɗan mai hali ko wanda gwamnatin jiharsu ta ɗauki nauyinsa. Ƙofa ce babba, mai kyau, sai dai ɗan malamin firamare ba ya ko iya leƙa ta.

Ga wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Ɗan jirgin nan Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna, wajen guda 60, wanda sojan samanmu suka yi shekaru suna koyon tuƙi da shi tun cikin shekarun 1990, asalinsa jirgin masu nishaɗi ne. Wani Ba'amurke ne ya zana shi domin mutane su sayi kayansa su haɗa a bayan gidajensu, an kuwa haɗa dubbai haka. Ashe abin da mu ke kira wasa, shi ya haifi jirgin da aka horar da sojanmu. Su kansu 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, da suka fara tashi da inji a 1903, masu sayar da kekuna ne da gyaransu, tashinsu na fari kuwa daƙiƙa 12 kaɗai ya yi.

Mu ma ba mu rasa irinsu ba. A 2007 jaridun duniya suka ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa. Lokaci lokaci a kan ji labarin wani yaro irinsa. Abin da mu kan yi, mu taru mu tafa, a ɗauki hoto, a watse. Ba mai kama hannunsa ya kai shi wurin wanda zai gaya masa cewa ƙarfen nan ya yi nauyi, ko waldar nan ba za ta jure jijjiga ba. Daga nan ko dai yaron ya haƙura ya koma gyaran janareto, ko kuwa ya gwada tashi shi kaɗai ya karye. Duka biyu hasara ce.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba na raina shi. Za a ce akwai haɗari. Gaskiya ne, akwai. Mu mutanen Abuja ba mu manta da ran 29 ga Oktoba 2006 ba, da babban jirgi ya tashi cikin hadari daga filin Nnamdi Azikiwe ya faɗi, muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da jama'a masu yawa, Allah ya ji ƙansu. In iskar hadari ta iya kayar da wannan, ina ga wanda bai fi buhu biyu ba? Don haka ne ni ba na goyon bayan tsarin Amurka na tashi ba lasin. Hanyar Ingila ta fi dacewa da mu. Fukafuki ba ya ɗaukar jirgi sai iska na bi ta kansa da isasshen gudu. In matuƙi ya ɗaga hancin jirgi fiye da kima, gudu ya ragu, sai fukafukin ya saki iska, jirgin ya rikito. Wannan ba a koyonsa daga littafi, sai da malami a gefe, can sama inda akwai sararin gyara kuskure. Ga shi kuma ƙasarmu tana da nata halin. Da zafin rana iska ta kan yi sako-sako, jirgi ya bukaci fili mai tsawo kafin ya ɗaga. Da tsakar rana kuma zazzafar iska na tasowa daga ƙasa, ita ce shirwa da ungulu ke hawa suna shawagi ba su kaɗa fiffike ba, ita ce kuwa ke wujijjiga ƙaramin jirgi. Saboda haka sassafe da yamma lis ne lokacinsa. Da hunturu hazo kan rufe har Dutsen Zuma ya ɓace wa mai duba, da damina hadari kan haɗu kafin ka gama shan fura. Rabin ilmin matuƙi shi ne ya san ranar da zai bar jirgi a rumfa, don da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Za a kuma ce zamanin ba na wasa da sama ba ne, ga 'yan bindiga, ga masu tayar da ƙayar baya. Wannan ita ce hujja mafi nauyi. An hana kowane jirgi bi ta kan fadar Shugaban Ƙasa. Tun 2016 ko ɗan jirgin nan marar matuƙi ba a tayar da shi sai da iznin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da na ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro. A 2021 ma an hana shawagi a sararin Zamfara. Ban ce a sassauta ko ɗaya ba. Abin da na ke cewa, jirgin da ke da lamba, yana kwana a fili guda, an san mai shi da malaminsa, yana magana da hasumiya ta rediyo, ya fi sauƙin tsaro bisa wanda a ke ƙerawa a ɓoye a bayan gari. Hukumar kuwa nan Abuja ta ke zaune. In za a gwada abin, ina ya fi gaban idonta?

Shawarata ke nan. A nemi fili can wajen Abaji, ko inda masana suka ga ya yi nesa da hanyar manyan jirage. Ba ya bukatar kwalta, 'yan mitoci ɗari kaɗan na ƙasa mai laushi a daddaɓe sun isa. A kafa ƙungiya, mutum ashirin ko talatin su haɗa kuɗi su sayi jirgi ɗaya mai kujera biyu, kamar yadda a ke adashi. A ɗauko malami daga cikin waɗanda Zariya ta yaye, gama akwai matasa masu lasin da ke zaune suna jiran aiki. Masu hali su biya cikakken kuɗi, a cikin kowane goma a ɗauki ɗalibi ɗaya kyauta. Mai cewa talauci bai bar mu mun yi wannan ba, ya tuna ba kuɗin gwamnati na ke roƙo ba, izni ne da tsari.

Saura mu malaman gobe. Ba sai mun jira fili ba. Mu ne za mu tsaya gaban allo mu koyar da nauyi da gudu da matsin iska, sau da yawa kuwa haddace su mu ke yi mu ba yara su haddace. Ina roƙon malamanmu na kimiyya su yarda mu kafa 'yar ƙungiya a kwalejin nan ta masu ƙera jirgin kara. Kayan aikin ba su fi ƙarfin kowa ba: karan dawa, da tsinke, da takarda, da ƙaro, da ɗan ƙusa na daidaita nauyin hanci. Kowa ya saki nasa daga tsayin mita 2, a auna inda ya sauka, a raba nisan da tsayin. Wanda nasa ya yi mita 10 ya sami biyar ke nan, sai ya matsar da ƙusan ko ya ƙara tsawon fukafuki ya ga ko za ta zama shida. Ran da muka fita koyarwar gwaji, sai kowa ya tafi da nasa aji.