Awara da Mazakuta: Tsoron da Suna Ya Haifa

Zargin cewa waken suya yana rage mazakuta ya samo asali ne daga suna. Waken yana ɗauke da sinadarin isofilabon, wanda masana suka laƙaba wa "estrojin na tsirrai" domin ƙirarsa ta yi kama da ta sinadarin mata. Sai dai kama da wane ba wane ba ne. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 41 a shekarar 2021 bai gano raguwar testosteron a jikin mazan da suka ci waken ba, haka ma na 2010. Wajibi ne masu fassara bayanan lafiya su yi hattara, domin kalma guda tana iya raba talaka da awara, alhali nama ya fi ƙarfin aljihunsa.