An Ci Moriyar Ganga, An Ya Da Kwaurenta

'Yan'uwa ɗalibai, kowa ya san cewa kwamfuta ba abin ado ba ce ga mai buga katin aure a Gusau, ko mai ɗaukar hoton biki a Tsafe, ko mai buga takardun makaranta a Bungudu. Ita ce fartanyarsa. Saboda haka abin da kamfanin Apple na Amurka ya yi wa masu sana'a ya shafe mu, ko da yake ba mu ne muka fi sayen kayansa ba.

A 1985 masu ɗab'i ne suka rungumi Macintosh da na'urar LaserWriter, su da masu zane suka tsaya masa a lokacin da ya kusa durƙushewa a 1997. To, da me ya saka musu? A 2007, shekarar da ya fito da iPhone, ya cire kalmar kwamfuta daga sunansa. A 2011 ya daina ƙera Xserve da ma'aikatu suka dogara da ita, kuma ya kawo Final Cut Pro X wadda ba ta buɗe ayyukan da masu haɗa fim suka yi da tsohuwar manhajar. A 2015 ya janye Aperture ta masu hoto. A 2016 ya toshe ramin katin kyamara a MacBook Pro. Mac Pro kuwa ta zauna daga 2013 har 2019 ba sabon ƙira. Dalili bai ɓuya ba: ribar waya ta fi ta kayan aiki.

Wani zai ce ai kamfanin ya gyara, tunda a 2021 ya mayar da ramukan. Haka ne, amma wa ya ci gajiyar gyaran? Mutanenmu ta hannu suke saye, wadda Turai ta gama da ita. Ashe kuwa kuskuren da aka yi shekarun baya, yanzu ne yake sauka a kasuwarmu. Ga shi an like kayan cikinta, mai gyara ba shi da ikon ƙara mata ƙwaƙwalwa. In ta mutu, jarin mutum ya mutu.

Don haka muna kira ga ƙungiyarmu da hukumar Jami'ar Tarayya ta Gusau: kada a sayi na'ura don sunanta, a sayi wadda ɗan Zamfara zai iya buɗewa ya gyara. A koya mana manhajojin kyauta irin su GIMP da Scribus da LibreOffice, a kuma ajiye aiki ta sigar da kowace na'ura za ta karanta. Wanda ya hau dokin aro, ranar da mai shi ya so zai sauka.