Ƙodar mai ciwon sukari da gwajin da aka manta

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa zuwa sashen wankin ƙoda a Yamai ya san abin da ake nufi da jira. Majiyyaci yana bukatar injin sau uku a mako, kimanin sa'o'i huɗu kowane zama, har iyakar rayuwarsa in ba a yi masa dashe ba. Ɗan kasuwar da ya baro Tawa saboda haka ya rufe kantinsa ke nan. Ma'aikaci kuwa albashinsa ya ƙare a kuɗin mota da haya. Da yawa daga cikinsu ciwon sukari da hawan jini ne suka kai su can.

Abin takaicin shi ne ƙodar ba ta lalacewa dare ɗaya. Sukarin da ya yi yawa a jini yana cin ƙananan jijiyoyin da ke tace shi sannu a hankali, shekara da shekaru, ba tare da wani zafi ba. Alamar farko ita ce sinadarin albumin da ke zurarewa cikin fitsari, tun kafin ƙafa ta kumbura. Gwajin fitsari da na jini sau ɗaya a shekara ya isa ya tona asirin. Idan aka gano da wuri, aka daidaita sukari, aka saukar da hawan jini da magungunan da ke kare ƙoda, aka rage gishiri, ana iya jinkirta ɓarnar shekaru masu yawa.

To, me ya hana gwajin nan zama wajibi a kowace cibiyar lafiya ta karkara? Amsar ba ta da daɗin ji. Injin wanki ana yanke masa ƙyalle gaban talabijin. Kwalbar fitsari ba wanda ke tafa mata. Manya kuma, da zarar jiki ya motsa, jirgi ne zuwa ƙasar waje.

A shekarar 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. A 2006 Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Mai ciwon sukari har yau da aljihunsa yake sayen kowace allurar insulin, a gidan da ma firjin ajiye ta sai an roƙi maƙwabci.

Akwai kuma masu tallar magani a kan tire a tasha da kasuwa. Ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da ake haɗiya kamar gyaɗa, suna ƙarasa ƙodar da sukari ya riga ya raunana. Ma'aikatar lafiya ta san da haka, ƴan duwan da ke kan iyaka ma sun sani. Ya kamata kasafin baɗi ya nuna a fili nawa aka ware wa gwajin fitsari, jiha bayan jiha.