Zauren Malam: Sule Biyar da Kukan 'Ya'yanmu a Samaru

A wannan wata za mu yi zance a kan 'ya'yanmu da ke jami'a, da irin kukan da suke yi. Mu mutanen Ikara da Makarfi da Kudan, zancen nan namu ne, gama Zariya a bakin ƙofarmu take. Motar da ta ɗauki rake daga Makarfi, ko tumatir daga Ikara, ita ce takan ɗauki yaronmu da akwatinsa da ɗan buhun garinsa zuwa Samaru ko Kongo. In an yi dariya a can muna ji, in kuwa an yi kuka a gidajenmu hawayen ke zuba.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba, 1962. Ɗan ƙasa na fari da ya shugabance ta shi ne Dokta Ishaya Audu, haifaffen Anchau, wanda ya riƙe ta daga 1966 zuwa 1975. Daga cikinta likitocinmu da malamanmu da alƙalanmu suka fito. Har irin masara da dawa da muke shukawa, da yawansu a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru aka gyara su. Saboda haka ba mu zo mu zagi jami'a ba. Wanda yake ƙaunar gida shi ne yakan nuna inda rufi ke yoyo tun damina ba ta sauka ba.

Bari mu soma da labarin sule biyar. A shekarar 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, kuɗin mai ya ja baya, gwamnati ta ce ba za ta iya ɗaukar nauyin ɗalibai kamar dā ba. Sai aka ƙara kuɗin abinci daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2 a rana. Da lissafin tsofaffinmu, daga sule goma sha biyar ke nan zuwa fam guda. Mai albashi ya ce ai sule biyar ce kawai. Amma ku lissafta: sule biyar kowace rana naira 15 ce a wata, ƙarin kashi ɗaya cikin uku a dare ɗaya. Ga manomin da ba ya ganin kuɗi sai da kaka, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wadda ake kira NUNS, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta nemi a janye ƙarin, ba a janye ba. A watan Afrilu ɗalibai suka ƙaurace wa azuzuwa, suna kiran Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. Daga nan rikicin ya sami sunansa, Ali Must Go, watau dole Ali ya tafi. A Legas 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi. Da labari ya iso Zariya, ɗaliban Samaru suka fito, aka kawo sojoji, aka yi harbi, ɗalibai da dama suka rasa rayukansu. Aka rufe jami'o'i, aka haramta NUNS, shugabannin jami'o'in Legas da Zariya suka bar kujerunsu. Ƙarin kuwa yana nan. Iyaye suka biya sule biyar, waɗansu suka biya da 'ya'yansu.

Wannan ba shi ne na fari ba. Tun ran 1 ga Fabrairu, 1971, an harbe ɗalibi a Jami'ar Ibadan, a rikicin da shi ma daga ɗakin cin abinci ya taso. Ba shi ne kuma na ƙarshe ba. A 1986 ɗaliban Samaru suka yi jerin gwano domin tunawa da waɗanda aka kashe a 1978. Aka zarge su da keta doka, gama sun bi ta gidan kwanan mata na Amina, inda aka hana maza shiga. Hukumar jami'a, a zamanin Farfesa Ango Abdullahi, ta hukunta shugabanninsu da kora da dakatarwa. Ɗalibai suka ƙi yarda, aka kira 'yan sanda. Ran 23 ga Mayu, 1986, aka sake zubar da jini a Samaru. Hukuma ta ce mutum huɗu ne suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Wutar ta bazu zuwa sauran jami'o'in ƙasa. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye, shugaban jami'ar kuma ya sauka.

Me muka koya daga waɗannan shekaru? Abu na fari shi ne, rikicin ɗalibai ba ya faɗowa daga sama kamar ƙanƙara. Yakan soma da ƙaramin abu da za a iya gyarawa a zaure: kwanon abinci, ɗakin kwana, ruwan famfo, takardar kora. Yaro ya kai kuka sau ɗaya, sau biyu, ba wanda ya kula. Ran da ya fito titi, sai a ce ba shi da tarbiyya. Mu malaman makaranta mun san wannan a ajinmu. Ajin da malami ba ya sauraron yara, shi ne ajin da ake karya benci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abu na biyu, bindiga ba ta taɓa warware matsalar makaranta ba. Harbin 1978 ne ya haifi jerin gwanon 1986, harbin 1986 kuwa bai hana ɗalibai fitowa a 1989 a kan tsadar rayuwa ba. Kowace gawa takan bar fushi a zukatan waɗanda suka rage, har ya jira wata rana.

Yanzu fa, ina kukan 'ya'yanmu ya tsaya a wannan zamani? Mun ga ya kasu uku.

Na ɗaya, tsada. Tun a tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai. Daga lokacin kowane yaro da tukunyarsa da risho, ko ya sayi abinci a kanti. A 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ɗaga kuɗin jami'ar jiha, wadda aka kafa a 2004 zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, daga abin da bai kai naira dubu 30 ba zuwa naira dubu 150. Ɗalibai da iyaye suka yi ta kuka. A 2023 Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa naira dubu 105. A shekarar nan ta 2023 kuma, ran 29 ga Mayu, aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi. Kuɗin rajista sau ɗaya ake biya a shekara, amma ciki kullum ne. Yaron da ya shiga aji da yunwa, allo yake kallo, amma hankalinsa yana kan tukunya.

Na biyu, tsaro. A dā tsoron iyaye shi ne harsashin hukuma a ranar zanga-zanga. Daga baya aka ƙara da na masu satar mutane. A Nuwamba 2020 an sace ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello masu koyon Faransanci a hanyar Kaduna zuwa Abuja. A Maris 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka. A Afrilu aka shiga Jami'ar Greenfield, aka kashe biyar daga cikin waɗanda aka sace. A Yuni aka kai hari Kwalejin Nuhu Bamalli, a nan Zariya. Ga kuma ƙarancin ɗakunan kwana, wanda yakan tura yara da yawa su kama haya a cikin gari, inda ba shinge, ba mai gadi. 'Ya'yanmu mata su ne suka fi shan wahalar wannan.

Na uku, ɓata lokaci. A 2020 malaman jami'a na ƙungiyar ASUU sun yi yajin aiki na wata tara. A 2022 suka sake yin na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Karatun shekara huɗu ya zama na biyar ko shida. Mai gidan haya kuwa bai san yajin aiki ba, kuɗinsa yake jira. Yarinyar da ta daɗe zaune a gida, sai dangi su soma cewa a yi mata aure kawai, karatun ya tsaya ke nan.

In kun duba waɗannan uku, za ku ga yaron da ya ce an matsa masa ba ƙarya yake yi ba. Amma gaskiyar kuka dabam, hanyar yin kukan dabam. A nan muke so mu yi magana da kowa bi da bi.

Ku 'ya'yanmu ɗalibai, muna tare da ku a kan hakkinku. Amma ku tuna, motar da kuka ƙone da tagar da kuka fasa, ba shugaban jami'a ne zai biya ba. Sau da yawa in an buɗe makaranta bayan rikici, akan raba kuɗin ɓarna a kan kowane ɗalibi, mai laifi da marar laifi. Uwarka ce za ta sayar da akuyarta ta biya. Ku rubuta kukanku a takarda, da lissafi, da kwanan wata. Ku zaɓi shugabanni masu hankali, ba masu ƙarfin murya kaɗai ba. Ku yi hankali da 'yan siyasa masu ba ku kuɗin mota ku je ku yi musu ihu, gama ran da abu ya ɓaci ba za ku gan su ba. Kada kuma ku yarda a juya kukan abinci ya zama faɗan addini ko na ƙabila. Yunwa ba ta tambayar sunan mutum kafin ta kama shi. In kuka ga taro ya soma rikicewa, an soma jifa, ku janye. Rai ɗaya ne, ba a sayensa a kasuwa.

Ku hukumomin jami'a da na gwamnati, mun sani riƙe jami'a yana cin kuɗi: wuta, ruwa, littattafai, albashi. Ba mu ce kada a taɓa ƙara kome ba. Roƙonmu shi ne a sanar da wuri, a bayyana dalili, a zauna da wakilan ɗalibai kafin a yanke magana. A bar iyaye su biya kashi biyu ko uku, a kuma tuna cewa manomi da kaka yake samun kuɗi. In za a hukunta ɗalibi, a fara jin ta bakinsa. Fiye da kome, kada a sake shiga makaranta da harsashi mai rai. Wanda aka kora yana iya komawa wata makaranta, amma wanda aka binne ya tafi ke nan.

Ku kuma iyaye, mu ne da babban aiki. Da yawanmu mukan yi murna ran da takardar shiga ta fito, mu yanka kaza, daga nan mu ɗauka aikinmu ya ƙare. A'a, ran nan ya soma. Ku zauna da yaro ku lissafta kuɗin shekara duka: rajista, ɗaki, abinci, mota, takardu. Da kaka, kafin a sayar da hatsi, a ware buhun ɗalibi. Masara da wake da daddawa da kuka daga gida sun fi a aika kuɗin da ba zai isa ba. Uba ko kawu ya je da ƙafarsa ya ga ɗakin da 'yarsa take kwana, ya san maƙwabtanta, ya gai da mai gidan. Daga Hunƙuyi zuwa Samaru ba tafiyar kwana ba ce. Ku hana su tafiyar dare, ko da za a rasa darasi guda. In yaro ya dawo yana gunaguni, kada ku ce masa, "Mu da ba mu yi boko ba mun mutu ne?" Ku tambaye shi abin da ke damunsa. Yaron da ake saurararsa a gida ba ya saurin bin kowane mai ihu a waje.

Akwai kuma bashin karatu na Gwamnatin Tarayya, wanda ake kira NELFUND, da aka soma karɓar takardun nemansa a Mayu 2024. Ba shi da ruwa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ana kuma soma maidowa shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ga wanda ya rasa wata hanya, taimako ne. Amma ku gaya wa yaro sarai cewa bashi ne, ba kyauta ba, domin ya riƙe shi da nauyinsa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A garuruwanmu muna da adashi, muna da ƙungiyoyin ci gaban gari, muna da zumuntar mata da ta matasa. In muna iya tara kuɗi mu yi biki na kwana uku, muna iya tara mudu bibbiyu daga kowane gida domin marayan da ya sami shiga jami'a. Waɗanda suka gama karatu suka sami aiki a Kaduna da Kano da Abuja, su waiwayi ƙannensu. Mu kuma riƙa tambayar kansilolinmu da shugabannin ƙananan hukumominmu me suka tanada domin ɗalibai, mu yi tambayar da ladabi, amma kada mu gaji da yinta.

Waɗanda suka faɗi a Samaru a 1978 da 1986 'ya'yan wasu ne kamar namu. Da sun rayu, da yanzu suna da jikoki. Hanyar girmama su ita ce mu ji kukan na yanzu tun yana ƙarami, tun ana iya share shi da magana. Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu a fitarsu da shigarsu, ya ba shugabanninmu kunnen ji. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.