Kuɗin PlayStation Plus: A Biya Ko A Haƙura?

Ɗana ya matsa mini: "Baba, a biya mini PlayStation Plus in riƙa buga ƙwallo da Yaya." Yayan nasa yana Kano tun da yaƙin Afrilun 2023 ya raba mu.

Na yi lissafi irin namu na Suk Libya. Sony ba ta buɗe asusun Sudan, sai an sayi katin Saudiyya, ga fam kullum faɗuwa yake. Wutar Omdurman kuwa sai ta ga dama, amma kwanakin da ka biya ba sa jiran ta.

Na biya wata ɗaya tak, lokacin hutu, saboda zumunci. Kuɗin shekara kam, jama'a, a bari wuta ta zauna tukuna.