Takalmin Tseren Keke: Ƙafa Ake Fara Tambaya

  A wannan wata za mu yi magana ne a kan takalmin tseren keke, domin samarinmu masu sha'awar wannan wasa a Garwa da Gidar da Mayo-Oulo, da kuma iyaye da yayyen da ake zuwa wurinsu neman kuɗin saye.

Keke ba baƙo ba ne a wurinmu. Da shi muke zuwa gona, da shi ake kai gyaɗa da masara kasuwa. Amma tsere a kan kwalta wani abu ne daban. Tun shekarar 2003 aka fara gasar zagaya Kamaru da keke, kuma a 2015 ɗan ƙasa, Clovis Kamzong Abessolo, ya lashe ta. A 2024 kuma Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku a gasar zagaya Faransa, ya tafi gida da koriyar riga. Yaro ya ga irin waɗannan a talabijin, sai ya ƙwallafa rai a kan takalmi irin nasu, ya tara kuɗin aikin audugarsa na shekara ya saya, bayan mako biyu kuma takalmin ya koma ƙarƙashin gado saboda yana cin ƙafa. Wannan asara ce muke son a kauce mata.

Da farko, mene ne ya raba shi da kambas? Abu biyu ne. Ƙasansa tauri gare shi, ba ya lanƙwasa. Sannan akwai wata 'yar makama da ake ɗaure masa a ƙasa da noti, wadda ke shiga cikin feda ta kulle. In mahayi zai sauka, sai ya murɗa diddigensa waje ta saki. Da can, da ɗan keji da maɗaurin fata ake riƙe ƙafa a kan feda. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa sabon salon a 1984, kuma da Bernard Hinault ya ci gasar zagaya Faransa da irin wannan feda a 1985, sai sauran mahaya suka bi sahu.

Masu sayarwa kan yi tallar abu huɗu: dacewa da ƙafa, tauri, rashin nauyi, da ƙarko. Mu a ganinmu ba darajarsu ɗaya ba. Dacewa ita ce gaba, sauran ukun bayanta suke.

Ga dalili. Mahayin da ya saba yakan juya feda sau 80 zuwa 90 a minti guda. Sau 90 a minti, sau 5,400 ke nan a awa ɗaya. Daga Garwa zuwa Gidar kusan kilomita 100 ne, tafiyar fiye da awa uku ga mai ƙarfin gudu. Ashe ke nan ɗan matsin da ba a kula da shi ba a kanti zai gogi wuri ɗaya fiye da sau 16,000 kafin a isa. Ga kuma zafin Garwa, wanda a watannin Maris da Afrilu kan wuce digiri 40, ƙafa kuwa kumbura take yi in ta sha zafi da aiki. Daga nan sai yatsu su mutu, tafin ƙafa ya ɗauki raɗaɗi kamar an taka garwashi.

Saboda haka a gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta gama buɗewa, kuma da safar da za a riƙa hawa da ita. A gwada ƙafa biyu, domin sau da yawa ɗaya ta ɗara ɗaya, a kuma bi wadda ta fi girma. Yatsu su sami wurin motsi, babban yatsa kada ya taɓa gaba. Diddige kuwa ya zauna daram, kada ya riƙa zamewa in an ɗaga ƙafa. A lura da faɗi ƙwarai. Mu da muka tashi cikin silifas da fade, yawancinmu yatsunmu a baje suke, takalman Turai da yawa kuwa tsukakku ne. Wasu kamfanoni, irin su Shimano da Sidi da Lake, suna yin samfuri mai faɗi, sai a tambaya. Kada a yarda da maganar mai kanti cewa zai saki in an daɗe ana sawa. Wannan halin fatar dukawa ne. Yawancin na tsere da roba da zaren masana'anta ake yin su, yadda aka saye su haka za su zauna.

Wanda zai yi saƙo daga Duwala ko Yawunde, ko ta hannun ɗan'uwa a Mubi ko Kano, kada ya aika da lamba kawai. Tsakanin lamba da lamba a lissafin Turai kashi biyu cikin uku ne na santimita, kuma 43 na wannan kamfani ba lalle ya zo daidai da 43 na wancan ba. A taka farar takarda a tsaye, a zana ƙafa, a auna tsawo da faɗi da santimita, a aika da wannan.

Sai batun tauri. Amfaninsa shi ne ya baza nauyin taku a duk tafin ƙafa, maimakon ya taru a kan 'yar makamar nan. Na masu rangwamen kuɗi da nailan ake yin ƙasansu, na masu tsada kuma da zaren kabon, wanda ya fi tauri ya kuma fi sauƙin nauyi. Mai fafatawa a mitocin ƙarshe na tsere, wanda ke tashi tsaye ya danna feda da iyakar ƙarfinsa, shi ne zai ji bambancin. Ga mai koyo da mai motsa jiki, nailan ya wadatar, har ma ya fi daɗi a hanya mai gargada, domin ƙasa mai tsananin tauri duk wata girgiza ƙafa take miƙa wa. Lambobin tauri da ake bugawa a jikin kwali kuwa kowane kamfani da nasa ma'auni, ba a gwada na wani da na wani.

Nauyi shi ne abin da aka fi ruɗin yara da shi. Takalmin tsere ƙafa ɗaya yakan kama daga wajen giram 200 zuwa 300. Bambancin giram 100 bai wuce nauyin ruwa ɗan kofin shayi ba, alhali mahayi da kekensa sun haura kilo 60 ko 70. Kafin a rage wannan giram ɗin, sai an sirance fata an rage kariya, farashi kuma ya hau. Mai hawan tudun duwatsun Mandara zai fi samun sauƙi daga yawan atisaye da sarƙa mai tsabta.

Ƙarko kuwa ya danganta da inda za a taka, kuma a nan ne ya kamata mutumin Mayo-Oulo ya yi wa kansa hisabi. Makama iri biyu ce. Akwai mai noti uku, ta roba, wadda ke fitowa waje, ita ce ta tseren kwalta. Mai sanye da ita tafiyar agwagwa yake yi in ya sauka, tsakuwa kuma cinye ta take yi. Akwai kuma mai noti biyu, ta ƙarfe, irin SPD da Shimano ya fito da ita a 1990, wadda ke nutsewa cikin ƙasan takalmi, ana iya tafiya da ita. Mai atisaye a kan babbar hanyar Garwa zuwa Figil ya ɗauki ta farko. Wanda rabin hanyarsa burji ce, yana sauka ya tura keke a yashin mayo, ya tsaya kanti, ya shiga masallaci, ta biyu ce tasa. A kuma tabbata makamar ta dace da fedar da ke kan keken, domin mai noti uku ba ta shiga fedar mai noti biyu, ta Look ma ba ta shiga ta Shimano.

Haka nan maɗauri. Igiya da mannau kowane mai gyaran takalmi a kasuwa zai iya canza su. Mai ɗan mamurɗi da siririyar waya yana da daɗin gyara matsi ana cikin gudu, amma ƙurar hunturu na shiga cikinsa, in ya karye kuma sai an yi saƙon wani daga nesa. A riƙa goge takalmi bayan hawa, a shanya shi a inuwa, domin rana da wuta suna sakin gam.

Da yawanmu a gwanjo za mu samu, kuma babu laifi. Sai dai a murɗa ƙasansa a duba ko akwai tsagewa, musamman na kabon, wanda in ya tsage ba ya ɗinkuwa. A gwada ɗaura noti a kowane rami, domin in zaren ramin ya cinye ko ya yi tsatsa, makama ba za ta zauna ba. A danna bayan diddige, in ya yi laushi ya kwanta, a bar shi. Hausawa suka ce sayen nagari mai da kuɗi gida.

Saura gwiwa. A ɗaura makama yadda tudun da ke bayan babban yatsa zai zo kusa da kan sandar feda. Mai koyo ya zaɓi wadda ke barin ƙafa ta ɗan yi wasa hagu da dama: ta Shimano mai ruwan ɗorawa tana ba da digiri 6, ja kuwa ba ta motsi sam, kuma ita ce ke saurin jawo ciwon gwiwa in ba a saita ta daidai ba. A koyi sakin ƙafa a jingine da bango kafin a shiga titi cikin manyan motoci. Sabon takalmi kuma kada a fara sa shi ranar tsere, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga iyaye, in kuɗi bai kai ba, kambas mai taurin ƙasa da feda ta gargajiya sun isa yaro ya fara, muddin ba silifas ba ne. In ya nuna da gaske yake, sai a raka shi kanti da yamma, a bar ƙafarsa ta zaɓa.